Keken ɗinkin mahaifiyata ya ƙame, ko ya mutu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta rasu bara, keken ɗinkinta ya faɗo cikin rabona. Singer ne baƙi na ƙafa, mai zanen ruwan gwal, ya kai shekara bakwai a ajiye. Wilin ba ya motsi ko kaɗan. Maƙwabciyata ta ce in ɗura masa man gyaɗa, na ɗura, shiru. Wani mai gyara kuma ya ce ya mutu, in sayar wa 'yan gwangwan. Wallahi da shi aka ciyar da mu, ba na son rabuwa da shi. Akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Malama, kwantar da hankalinki, irin wannan keken bai cika mutuwa ba. Da yawa daga cikin baƙaƙen Singer da suka shigo ƙasar nan samfurin 15K ne, ƙirar masana'antar Clydebank ta Sikotlan da aka rufe a 1980. Ƙarfe ne zalla, kuma tsarinsa Butterfly ta ƙasar Sin ta kwaikwaya, shi ya sa ƙoshiya da kwarkwaronsa ba sa wuyar samu a kasuwa. Wanda ya ce ki kai shi kilo, ko bai san aikin ba, ko ya ƙyalla ido a kansa.

Fara da mai sauƙi. Cire bel da allura da ƙoshiya, ki buɗe gidan ƙoshiyar ki leƙa. Sau da yawa guntun zare ne ya maƙale a hanyarta, kuma silin zare ɗaya ya isa ya tsayar da keke cak. In babu zare, to tsohon mai ne ya bushe, ko tsatsar damina ta kama sandar allura.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato man gyaɗan nan. Kusan kullum sai an kawo mini keken da aka yi wa wannan aika-aika, kuma amsar ɗaya ce: ai mai mai ne. Wa ya ce? Ki dubi gefen kaskon mai tuyar ƙosai, wannan jan dattin mai danƙo da ko soson ƙarfe ba ya fitar da shi ta daɗi. Abin da man girki ke komawa ke nan idan ya daɗe yana shan iska. Tsakanin sandar keke da ramin da take juyawa a ciki, tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba. In wannan danƙo ya zauna a wurin, ya haɗu da ƙurar hunturu da burbushin yadi, kin liƙe keken da hannunki. Abin takaicin shi ne a makon farko keken da ke aiki yakan yi laushi, sai mai shi ta yi ta yaɗa wa maƙwabta cewa ta gano sirri. Bayan wata shida ya sandare, ba kuma wanda zai tuna da man gyaɗa, sai a ce keken ne ya tsufa, ko a ce sammu aka yi wa sana'ar. Man ja ma haka, man kaɗanya ma haka. Wasu kuma baƙin man da aka juye daga janareto suke zubawa, mai cike da garin ƙarfe, ga kauri, ga ɓata shaddar mutane. Na taɓa kwana huɗu ina wanke keken wata tela da ta shekara tana ba shi man suya, saboda ƙyashin sayen ƙaramar robar man keke da ke kaiwa watanni. Farin man keke, mai ruwa-ruwa, shi kaɗai ne abincinsa. Man gyaɗan da kika ɗura bai daɗe a ciki ba, zai fita.

Nemi kananzir. Cire farantin da ke gefen allura da murfin baya, ki kwantar da kan keken ki ga cikinsa. Ɗiga kananzir a kowane ramin mai da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, musamman sandar allura da bayan wili. Ki ajiye shi a rana kamar awa ɗaya, ɗumin na sassauta danƙon. Rana na ce, ba wuta ba. Kada kowa ya kusanto shi da risho ko garwashi da kananzir a jikinsa. Sai ki riƙa jijjiga wilin da tafin hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ranar farko wataƙila ba za ki ga komai ba. Ƙara ɗigawa, ki bar shi ya kwana. Wani ya saki a kwana biyu, wani sai ya ci mako. Duk wanda ya ɗauko guduma ko ya kama wili da filaya, karɓe kekenki, domin ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Abu biyu kuma. Kada ki kwance sukurin da ke riƙe da sandar allura, saitin zai gudu, keken ya juya amma ya ƙi ɗaukar zare. Kada kuma fetur ko sifirit ya taɓa fentin jikinsa, zanen gwal ɗin zai bi tsumma.

Da ya fara juyawa, ci gaba da ɗiga kananzir kina juya shi har abin da ke fitowa ya daina yin ja. Goge, ki bar shi ya tsane kwana ɗaya, sannan ki bi wuraren nan da man keke, ɗigo ɗaya-ɗaya, don kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai. Ɗinkin farko ki yi shi a kan tsumma har tabon mai ya ɗauke. In an yi kwana goma bai motsa ba, tsatsa ta ci ciki, sai ki kai wa tsohon makanikin da telolin unguwarku ke kai wa nasu, ki kuma gaya masa an zuba man gyaɗa.