Kwamfuta Ta Nuna P0661 a Motata, Burenbos Ne Ya Ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Mazda 6 tokumbo, da ita nake jigila tsakanin ƙauyenmu da kasuwar Gumel. Wutar cekin injin ta kama, motar kuma ba ta ja kamar da idan na taka totur. An jona kwamfuta ta nuna P0661. Wani ya ce burenbos ne, wani ya ce a cire kan batir a goge kawai. Hankalina a tashe yake, da motar nan nake ciyar da iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce burenbos ne, wato ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa injin. P0661 na nufin wutar da ke layin bawul ɗin da ke sauya hanyar iska a cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silindojin injin iska, ta yi ƙasa da ƙima. Bawul ɗin nan shi ke bi da iska ta doguwar hanya idan injin na juyawa a hankali, ya mayar da ita gajeriyar hanya idan ka ba shi wuta. Shi ya sa ka ji motar ta yi sanyi.

Aikin rewaya ne da mita. Ya duba fis, ya zare soket ɗin solenoyid, wato makunnin lantarki da ke sarrafa bawul ɗin, ya ga ko ƙura ko tsatsa ta cinye shi, ya auna kwal ɗin ciki, sannan ya bi wayar har burenbos. A ƙauye, inda ake ajiye mota kusa da rumbu, ɓera na fara zargi, don yana son kwana a ɗumin injin ya gaigaye waya. Da P2070 ko P2071 ta nuna, sai mu ce bawul ɗin ne ya maƙale a buɗe ko a rufe, a koma kan tiyon iska da ya tsage ko baƙin datti da ya daskare.

Amma maganar "a goge kawai" ita ce ke ƙona mini rai, kullum sai na ci karo da ita a gareji. Malam, goge lamba ba gyara ba ne. Wayar da ta katse tana nan a katse, kuma da zarar burenbos ya sake gwada layin wutar za ta dawo. Abin takaicin ma, cire kan batir yana iya share bayanan da motar ta adana lokacin da matsalar ta faru, wato saurin injin da zafinsa a daidai wannan lokacin, waɗanda su ne za su yi wa mai gyara jagora. An karɓi kuɗinka, an kuma ɓatar da sawun ɓarawon.

Idan wutar ta dawo sau biyu, sai ka ji an ce ai motocin Amurka haka suke, a cire ƙwan dashbod ko a liƙe shi da baƙin salatif. Wannan ha'inci ne, wallahi. Ƙwan nan guda ɗaya shi ke kawo rahoton yawancin matsalolin injin. Ranar da fulogi ko kwal ya daina ƙona mai, wutar ƙiftawa take yi don ka tsaya, domin ɗanyen fetur na gangarawa salansa ya narkar da abin da muke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansar. Wanda aka cire wa ƙwai ba zai gani ba, sai ya ji motar na kakkarwa a tsakiyar daji da fasinja cike. Mai yin haka don ya sayar da mota ya ji tsoron Allah, ɓoye aibin haja haramun ne.

Za ka iya ci gaba da hawa kafin gyara muddin wutar a tsaye take. Amma in ka ji ƙwas-ƙwas daga cikin manifol, kashe injin, don ɓallin da ya karye yana iya faɗawa silinda. Kada ka biya kuɗin burenbos sai an nuna maka a mita cewa waya da solenoyid lafiya suke. In solenoyid ne, tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon a hannunka, a dace lambar da ke jikinsa.