Me ya sa ake ce wa Kirilenko AK-47?

Malam, ka tambayi asalin laƙabin Andrei Kirilenko da abin da ya taɓuka a ƙwallon kwando. Harufan farko na sunansa ne, A da K, da lamba 47 da yake sawa a rigarsa, ga shi an haife shi a Izhevsk ta ƙasar Rasha a 1981, garin da aka ƙera bindigar AK-47.

Daga CSKA Mosko ya tafi Utah Jazz ta Amurka a 2001, ya shekara goma yana tare ƙwallo kamar katanga. Ni dai a wurina 2007 ce shekararsa. Rasha ta bi Sifaniya har gida Madrid ta doke ta da maki 60 da 59 a wasan ƙarshe na gasar Turai, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Ya ƙara da tagulla a Olamfik ta Landan a 2012, ya yi ritaya a 2015.