Waɗanne littattafai ne ke sa mutum ya tausaya wa ɗan'uwansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Zariya, 'ya'yana uku: ƙarama mai shekara 5, namiji mai 11, da babbarsu mai 16. Na tsakiyan ne ya dame ni. Akwai almajirin da ke yi mana wanke-wanke yana karɓar abinci, yaron yana da in'ina. Kwanaki na tarar da ɗana yana kwaikwayon maganarsa, ƙanwarsa tana ta ƙyalƙyala dariya. Na yi faɗa, na yi nasiha, amma na ga kamar abin bai shiga ba. Duk suna son karatu. Waɗanne littattafai za ka ba mu shawara mu nema, waɗanda ke koyar da kirki da tausayi, har da mu iyayen?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Kafin sunayen littattafai, ga ma'aunin da nake auna su da shi, domin da shi za ki iya zaɓe da kanki ko ba ki sami ko ɗaya cikin waɗanda zan ambata ba. Littafin da ke cewa yaro "ka zama na kirki" a kowane shafi bai cika yin aiki ba, tunda maganar da kika riga kika faɗa masa ce, ya kuma ji. Wanda ke aiki shi ne wanda zai ɗauki yaron ya sa shi a matsayin wanda ake yi wa dariya, ya bar shi a can har ya ji zafin abin a jikinsa. Ɗanki ya san izgili ba kyau. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake ji idan kalma ta maƙale a baki, mutane sun zuba ido suna jira, wani kuma yana danne dariya.

Akwai bincike biyu daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada da suka dace da maganar nan. A na farko, wanda Kang Lee da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, an sa yara 'yan shekara 3 zuwa 7 wani wasa, aka hana su leƙen abin wasan da aka ɓoye, aka fita aka bar su. Da yawa sun leƙa. Kafin a tambaye su ko sun leƙa sai a karanta musu labari. Labaran da maƙaryaci ke gamuwa da mummunan ƙarshe, irin na yaron nan makiyayi mai ihun ƙarya, ba su ƙara yawan masu faɗin gaskiya ba. Labarin da ya yi tasiri shi ne na yaron da ya amsa laifinsa, mahaifinsa ya yaba masa. Kan gaskiya aka yi wannan bincike, ba kan tausayi ba, amma a ganina darasin ɗaya ne: tsoratarwa ba ta kai nuna abin koyi ba. Na biyun, na 2017, ya gano cewa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 da aka karanta wa labarin rabo da juna mai ɗauke da mutane sun fi yin kyauta bayan karatun, a kan waɗanda aka karanta wa labarin iri ɗaya amma da dabbobi masu magana. Ba zan ce a zubar da labaran dabbobi saboda bincike guda ba. Sai dai idan kin gama labarin kurciya da ɓera da zan kawo a gaba, ki jawo shi ki kawo shi tsakar gidanki, kada ki ɗauka yarinya 'yar shekara 5 za ta yi wannan haɗin da kanta.

To mu fara da ƙaramar. Ita ba littafi take buƙata ba sosai, bakinki take buƙata. Tatsuniyoyin 'yar Bora da 'yar Mowa su ne makarantar kirki ta farko a ƙasar Hausa: yarinyar da aka wulaƙanta a gida ta fita, ta gamu da tsohuwa ko wata halitta mai ban tsoro, ta gaishe ta da ladabi, ta yi mata hidima, ta dawo da arziki, 'yar gatan ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da tsiya. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyinmu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, idan kin dace da su kin yi sa'a. Amma ina da ƙorafi ɗaya a kan irin waɗannan tatsuniyoyi, kuma gara in faɗe shi. Kullum ana biyan 'yar Bora da shanu da dawakai da tufafi. Yaron da ya sha jin haka zai iya fahimtar cewa alheri ciniki ne. Maganin wannan tambaya ce guda bayan "ƙurunƙus": da tsohuwar ba ta ba ta komai ba, shin 'yar Bora ta yi asara da ta cuɗa mata baya? Ki bar su su yi gardama. Gizo kuwa a yi dariyarsa, amma ki lura yara kan so shi fiye da waɗanda yake cuta.

Labarin kurciyar da na ambata yana cikin Kalila wa Dimna, littafin da asalinsa daga Indiya yake, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Garken kurciyoyi ya faɗa tarkon maharbi, shugabarsu ta ce su tashi gaba ɗaya da ragar, suka tashi, suka sauka a bakin ramin wani ɓera amininta. Da ɓeran ya fara gwiguyar igiyar da ta ɗaure ta, sai ta ce a'a, ya fara da sauran. Dalilinta shi ne wurin da nake so yara su tsaya: idan ya fara da ita, zai iya gajiya ya bar sauran, amma idan ita ce ta ƙarshe, ba zai yarda ya bar ta a ɗaure ba komai gajiyarsa. Mai shekara 5 za ta so labarin, mai 16 za ta gane hikimar.

Yanzu ga ɗan shekara 11, wanda saboda shi kika rubuto. Littafin farko da zan sa masa a hannu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, aka buga shi a 1934. Ƙaramin littafi ne, ana iya gama shi cikin 'yan darare. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin bauta, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har wani Balarabe, Abdulkarim, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya ba shi ilimi, ita kuwa uwar ta bar gida ta bi duniya tana nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Kusan duk abin da ya sami Umar, mai kyau da maras kyau, daga hannun baƙi ya zo masa, mutanen da babu abin da ya tilasta musu su kyautata masa. Ki karanta tare da shi, kada ki ce masa "ka ga, kamar almajirinmu". Idan kika faɗa, ya zama ci gaban faɗan da kika yi, zai toshe kunne. Ki tambaye shi kawai: a ganinka me uwar take tunani da daddare? Yaron da ke da hankali zai kai inda kike so da ƙafarsa.

Sai ƙissar Annabi Musa, Alaihis Salam, wadda na tabbata ya sani amma wataƙila ba a taɓa nuna masa wannan ɓangaren ba. A Suratu Ɗaha, aya ta 27 da 28, Annabi Musa ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin da ke harshensa domin a fahimci maganarsa. A Suratuz Zukhruf, aya ta 52, Fir'auna ya goranta masa cewa da ƙyar yake iya bayyana magana. Ki sa shi ya buɗe Alƙur'ani ya karanta ayoyin da kansa, da fassararsu, ki yi shiru. Ba sai kin ƙara komai ba.

Idan Turancinsa ya yi ƙarfi, akwai littattafai biyu daga Amurka. The Hundred Dresses na Eleanor Estes, 1944, labarin Wanda ne, 'yar talakawa 'yan asalin ƙasar Folan, wadda kullum riga ɗaya koɗaɗɗiya take sawa zuwa makaranta, ta ce tana da riguna ɗari a gida, 'yan ajinsu suka mayar da ita abin tsokana. Abin da ya sa nake fifita shi a kan da yawa: ba ta idon mai tsokanar aka ba da labarin ba, ta idon Maddie ce, wadda ke tsaye a gefe ba ta cewa komai. Kafin ta yi ƙarfin halin neman gafara, iyalin Wanda sun tashi daga garin. Rigunan ɗari kuma ashe zane ne ta yi a takarda. Littafin bai ba Maddie damar wanke kanta cikin sauƙi ba, kuma wannan ciwon da yake barin mai karatu da shi shi ne amfaninsa. Na biyun shi ne Wonder na R. J. Palacio, 2012, game da yaro ɗan shekara 10 da aka haifa da nakasa a fuska, ya shiga makaranta karon farko bayan an daɗe ana koyar da shi a gida. Ana juya labarin daga bakinsa zuwa bakin yayarsa da na abokansa, har da abokin da ya ci amanarsa a bayan ido don ya burge wasu. Ƙarshensa ya ɗan yi zaƙi da yawa, amma yara suna cinye shi. Akwai al'adun can a ciki da za su buƙaci bayaninki.

Za a ce ina Magana Jari Ce? Lallai a karanta shi, duka juzu'i uku da Abubakar Imam ya fitar tsakanin 1937 da 1939, ba don komai ba ko don Hausar. Sai dai yawancin labaran da akun nan yake bayarwa na wayo ne da iya magana, kamar na Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin ta kuma haɗa mijin da baƙonsa da ƙarya. Ba nan zan je neman maganin izgili ba.

Babbar, mai 16, ta isa ɗaukar abu mai nauyi. Ki nemo mata taƙaitaccen bugu na Les Misérables na Victor Hugo, 1862. Cikakken ya yi tsawo ƙwarai, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa suna iya karanta shi da Faransancinsa. Jean Valjean ya yi shekara 19 a kurkuku, asalin laifin satar burodi. Da ya fito kowa ya rufe masa ƙofa sai wani babban limamin coci, shi kuma ya saka masa da sace kayan azurfarsa. Da jami'an tsaro suka kamo shi, limamin ya ce ai kyauta ya ba shi, ya ƙara masa da mazaunin kyandir biyu na azurfa. Sauran littafin duk bayani ne na abin da wannan dare ɗaya ya yi wa rayuwar mutum. Tambayar da za ku yi gardama a kanta ita ce ko limamin ya kyauta, ko ya ɗaure wa ɓarawo gindi. Ta kuma zama ita ce mai karanta wa ƙannenta wani lokaci, domin ɗan shekara 11 yakan ji maganar yayarsa a inda ya gaji da ta uwarsa.

Ku iyaye, littafinku Al-Adabul Mufrad ne na Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Hadisai ne sama da 1,300 kan zaman tare: iyaye, dangi, maƙwabta, marayu, masu hidima, sallama, neman izini, har da raha. Babukansa gajeru ne, ɗaya ya isa bayan sallar Isha'i. A gida irin naku, mai yaro ɗan aiki, ku tsaya a kan maganar Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba zargi ba ne: yara suna lura da muryar da ake kiran almajiri da ita, da kwanon da ake zuba masa abinci, da ko ana kiran sunansa ko "kai yaro" ake cewa. Idan yana nan lokacin tatsuniya, a shimfiɗa masa ya zauna. Sau da yawa yaran da suka taso a ƙauye sun fi namu na birni sanin tatsuniyoyi, kuma ranar da ɗanki ya zauna yana jiran ƙarshen labari daga bakin mai in'inar, ya fara koyon jira.

Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi ma yana hannun kowane ɗan Islamiyya, sai dai haddarsa ake yi don jarrabawa. Ku koma kan na 13, mai cewa imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa, da na 15 kan maƙwabci da baƙo da faɗin alheri ko yin shiru, ku sa kowane yaro ya kawo misali daga abin da ya faru a ranar.

Batun samu kuwa, kina Zariya, gidan kamfanin ɗab'i na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) mai buga Shaihu Umar da Magana Jari Ce, kuma masu sayar da littattafan makaranta ba sa rasa su. Al-Adabul Mufrad da Kalila wa Dimna sai wajen masu littattafan addini. Na Turancin a duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, sun fi araha nesa ba kusa ba. Don ƙaramar kuma akwai shafin African Storybook a intanet, mai ƙananan labarai masu hotuna kyauta, da dama cikinsu da Hausa. Ki fara karanta kowanne ke kaɗai kafin ki buɗe mata, domin ingancin Hausar ya bambanta daga labari zuwa labari.