Miji Na Ci-rani, Mata Na Kan Gwiwa: Izinin Wa Ake Jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Miga, jihar Jigawa. Makon jiya aka kawo mana wata matar aure, haihuwar fari, ta kwana biyu a kan gwiwa a gida, faya ta daɗe da fashewa, kai bai sauko ba. Na rubuta takardar turawa babban asibiti, uwar mijin ta ce ba inda za ta sai ɗanta ya yarda. Shi kuwa yana ci-rani a Fatakwal, waya ba ta shiga. Matar da bakinta ta ce a kai ta. Na sa direba ya ɗauke ta, aka yi mata aiki, ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Yanzu gidan sun kai ƙarata wajen mai unguwa, wai na fitar da mace ba da izinin mijinta ba. Ko barci ba na iyawa. Shin na ɗauki alhaki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ta lafiya, jaririn kuma Allah ya sa mai ceto ne. Ki kwantar da hankalinki, ba ki ɗauki alhakin kowa ba. Da kin zauna jiran waya ta shiga, da yanzu zaman makokin mutum biyu ake yi a gidan.

A ƙa'idar aikinmu, mace baliga mai hankalinta ita ke ba da izini a kan jikinta. Kundin ɗa'ar aiki na Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya ya ce ana neman sa hannun dangi ne idan majiyyaci bai kai shekara 18 ba, ko ba ya cikin hayyacinsa. In ba a sami kowa ba, babban likitan da ke wurin ya ba da umarnin abin da zai ceci rai. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuwa ya hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Wadda kika tura ta faɗa da bakinta, magana ta ƙare.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan magana ta "sai miji ya sa hannu". Kullum sai na ji ta, kuma ba daga bakin surukai kaɗai ba. Mu ma'aikata muna cikin masu raya ta. A shigo da mace tana zubar da jini, kafin a ɗaura mata abin awon jini an fara tambayar ina mijin. A ajiye takardar amincewa a kan tebur, a zauna, wai gudun rigima. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Wace rigima ce ta kai wannan?

Kin san abin da ke faruwa a cikin awannin jiran nan, amma bari in faɗa don mazan da ke karantawa. Idan ƙugu ya kasa ba da hanya, kan jariri sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa naman wurin. Za ka ga matar leɓɓanta sun bushe, jiki ya yi zafi, ciki ya yi tsaga gida biyu, in an sa robar fitsari sai ɗan kaɗan ya fito jajawur. Naman da aka danne ya riga ya fara mutuwa. Bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya fara bin ƙafa ba dare ba rana. Yoyon fitsari ke nan. In kuwa mahaifa ta gaji ta fashe, sai dai a yi ta rai. Duk mai ganin wasa ne ya je Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ko sashen masu wannan larura a asibitin Murtala da ke Kano. Ya duba wa ke zaune a gefen gadajen matan. Uwa ce ko inna. Sau da yawa mijin da aka jira izininsa ya riga ya aiko da takarda, wai ba zai iya da zarni ba.

Kuma abin takaici, ba a neman izinin kowa kafin mai kemis ya zo da allurar naƙuda a aljihu ya danna wa mace a ɗaki, ba tare da ya san kwanciyar jariri ba. Wannan allura a kan hanyar da ta toshe ita ce ke fasa mahaifa. Ba a jiran waya kafin a kawo aska a yi yankan gishiri. Sai an zo maganar asibiti kowa ya tuna da haƙƙin miji. Ni ba ni da ja da rubutu, a ba ta ta sha, amma ta sha a cikin mota.

Masu cewa likitoci na yanka mata don kuɗi, ko a juya musu mahaifa a ɓoye, su ji tsoron Allah. Ba a ɗaure mahaifa sai da yardar mai ita. Wadda ake cire wa mahaifa cikin gaggawa, yawanci wadda aka kawo a makare ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, kuma jita-jita irin wannan na da kaso a ciki.

Miji na da haƙƙinsa, ban musa ba. A sanar da shi, a yi shawara da shi, in lokaci ya ba da dama a jira shi. Amma ba shi da ikon hana a ceci rai, kuma malamanmu sun sani, addini ya ce ba cuta ba cutarwa. Yawancin mazan ma da waya ta shiga cewa za su yi a kai ta.

Ke kuma, ki fara zuwa gidan ki yi musu ta'aziyya, suna cikin zafin rashi ne. Sannan ki je wajen mai unguwa tare da shugaban asibitinku, in so samu ne da liman, ki riƙe littafin da kika rubuta lokacin zuwanta da abin da kika gani. Nan gaba ki sa mace ta dangwala hannu a gaban shaida. Tun awon farko kuma ki nemi mijin ya zo ya ba da izinin dindindin a gaban mahaifiyarsa.

Ku kuma maza masu shirin tafiya bayan girbi, ku ji tsoron Allah a kan amanar da kuka karɓo. Kafin ka ɗauki jaka, ka tara mahaifiyarka da ƙannenka ka faɗa musu a fili cewa in naƙuda ta wuce wuni guda, ko aka ga jini ko jijjiga, a tafi asibiti ba sai an neme ka ba. Ka bar kuɗin mota da lambar direba a hannun matarka, ka kuma yi magana da mutum biyu da za su ba da jini in an buƙata.