Tambaya da Amsa: Yawon Bakin Teku da Jakar Goyo, da Kuɗi Kaɗan

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai goya jakarsa ya zaga garuruwan bakin teku, tsibirai da manyan birane na ƙasashe masu zafi ba tare da guzuri ya ƙare a hanya ba. Yawancin masu tambayar Kudu maso Gabashin Asiya suka nufa, shi ya sa misalan suka fi fitowa daga can.

Wani ɗalibi ya ce: Mako uku nake da shi. Ina son in ga Tailan, Biyetnam, Malesiya, Bali da Filifin. Ta ina zan rage kashe kuɗi?

Ɗan'uwa, fara rage ƙasashen. Masu wannan tafiya sukan ɓata lokaci wajen neman gado mafi arha, alhali ba kuɗin kwana ke cinye guzuri ba, yawan tashi ne. Duk sauyin ƙasa yana zuwa da tikitin jirgi, kuɗin mota zuwa filin jirgi da fitowa daga wani, kuɗin kaya, sabon layin waya, asarar canjin kuɗi, wani lokaci da biza, sannan yini guda ya tafi a layi. Ƙasa biyar a kwana 21 filayen jirgi kawai za ka gani.

Ɗauki ƙasa ɗaya ko biyu masu maƙwabtaka, ka bi ta ƙasa. Ga misali: kwana uku a Bankok, sai jirgin ƙasan dare daga tashar Krung Thep Aphiwat zuwa Chumphon, da safe jirgin ruwa na kamar awa biyu ya kai ka tsibirin Ko Tao. Daga nan Ko Phangan, ka fito ta Surat Thani, mota ta tsallaka da kai Krabi. Idan lokaci ya rage, ka gangara Hat Yai, ka shiga Malesiya ta Padang Besar, ka sauka Butterworth ka tsallaka zuwa Penang, ka ƙare a Kwala Lumfur. Jirgin dare yana cire maka kuɗin ɗaki na dare guda. Nemi gadon ƙasa tun da wuri: ya ɗan fi tsada, amma ya fi faɗi kuma yana da taga, na sama kuwa fitila da sanyin na'ura ne ke damunsa har asuba.

Kada ka kwana ƙasa da uku a wuri ɗaya, a tsibiri ma huɗu ko biyar, don kuɗin jirgin ruwan ya fanshi kansa. Kuma komai a tsibiri ya fi tsada, tunda ta ruwa ake kawo shi, daga ruwan sha har man babur. Sayi maganin sauro, man kariyar rana da magunguna a birni kafin ka tsallaka. Ɗakin da ke layi na biyu ko na uku daga gaɓa, mai fanka maimakon na'urar sanyi, shi ne na talaka, kuma tafiyar minti biyar ce zuwa yashi ɗaya da masu otal ke kwanciya a kai. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka gefe, kada ka lissafa shi cikin na yau da kullum.

Wata malamar makaranta ta ce: Hutuna a watan Agusta yake, kuma an ce lokacin damina ne a can. In haƙura?

Malama, ba ko'ina ba ne. Iskar damina ta kudu maso yamma, wadda ke kaɗawa daga Mayu zuwa Oktoba, gaɓar yammacin Tailan take duka, wato Fuket, Krabi, Ko Phi Phi da Ko Lanta. Tsibiran ɓangaren gabas, Ko Samui, Ko Phangan da Ko Tao, suna samun sauƙi a lokacin, nasu ruwan mai ƙarfi sai Oktoba zuwa Disamba. Bali tana kudu da layin tsakiyar duniya, don haka Agusta rani ne a wurinta, sai dai shi ne lokacin da baƙi suka fi yawa kuma farashi ke sama. A Siri Lanka gaɓar gabas, irin su Arugam Bay da Trincomalee, ita ce ta Agusta, ta kudu maso yamma kuma sai Disamba zuwa Maris. Filifin ce za mu ce ki jinkirta, domin guguwar teku ta fi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba.

Ruwan saman ba shi ne abin tsoro ba, sau da yawa awa ɗaya ko biyu yake yi ya ɗauke, ɗakuna kuma suna yin arha. Teku ce matsalar. Idan ta yi fushi sai a soke jiragen ruwa, ba wanda zai biya ki tikitin jirgin saman da ya wuce ki. Saboda haka kada daren ƙarshe kafin tashinki ya same ki a tsibiri, ki dawo birnin da filin jirgin yake kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Ga masu tafiya a wasu watanni, a duba kalandar bukukuwa. Songkran na Tailan 13 zuwa 15 ga Afrilu ne, Tet na Biyetnam yana faɗowa ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, a Indonesiya kuma motoci da jirage suna cika maƙil gab da ƙaramar Sallah. A ranar Nyepi ta Bali har filin jirgin sama ake rufewa na awa 24, ba a fita titi.

Wani mai karatu ya ce: Wace irin jaka zan saya, me zan zuba a ciki?

Mai cin lita 35 zuwa 40, wadda zif ɗinta ke buɗewa kamar akwati, mai ɗamarar ƙugu da ke ɗauke nauyi daga kafaɗa. Jiragen arha irin su AirAsia kilo 7 suke bari ka shiga da shi ciki, kuma idan sai a filin jirgi aka gane ka zarce, kuɗin ya fi wanda za ka biya tun wajen sayen tikiti. Riga huɗu marasa nauyi, wando biyu, ɗaya dogo don wuraren ibada da sauron yamma, silifas, takalmin tafiya ɗaya, zane mai faɗi da zai zama tawul ko shimfiɗa ko mayafi a mota mai sanyi, da kwaɗonka na kulle loka. Kaurin yadi irin jins ba ya bushewa a wannan laima, tsami kawai yake yi. Ƙara jakar roba da ruwa ba ya shiga, mai lita 10, domin a ƙananan tsibirai cikin ruwa ake sauka daga kwale-kwale, wani lokaci har gwiwa. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, kuma kada ƙarfinsa ya wuce 100Wh. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, ya shiga.

Da ka isa ɗakin haɗaka, wato ɗakin masauki mai gadaje da yawa da baƙi ke kwana tare, kafin ka ɗora jaka a gado ka ɗaga zanen ka duba ɗinkin katifa. Baƙaƙen ɗigo ko jirwayen jini alamar kuɗin cizo ne. Idan ya shiga kayanka, wanki da ruwan zafi mai digiri 60 ne ke kashe shi.

Wata 'yar kasuwa ta ce: In tafi da tsabar kuɗi ko da kati?

Hajiya, da duka biyun, kuma kati biyu na banki daban-daban, ba a jaka ɗaya ba. Na'urorin ATM na Tailan suna cire baht 220 ko fiye a kan kowane cira da katin waje, komai ƙanƙantar abin da kika cira, don haka cira babba sau ɗaya ya fi ƙanana sau biyar. Idan na'ura ta tambaya ko ta canza miki kuɗin zuwa na ƙasar katinki, ki ce a'a, ki zaɓi kuɗin ƙasar da kike, domin canjin na'urar ya fi na bankinki muni. Ki cira kafin tsallakawa ƙaramin tsibiri, inda na'urar kan ƙare ko ta lalace. Takardun dala su kasance sababbi marasa yagewa, masu canji suna ƙin tsofaffi, kuma ki ƙirga da hannunki a ƙarshe, kada kuɗin ya sake komawa hannun mai canji bayan kin ƙirga.

Tunda ana maganar takardu: fasfo ya rage masa aƙalla wata shida, a riƙe tikitin fita daga ƙasar don kamfanin jirgi na iya hana hawa idan babu, kuma dokar biza ta danganta da fasfon da ke hannu, a tabbatar daga ofishin jakadanci kafin sayen tikiti. Mai fitowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara zai buƙaci katin rigakafinta, wanda ke fara aiki kwana 10 bayan allura. Tailan ta fara katin shiga na intanet a Mayun 2025, kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na gwamnati ba ne.

Wani matashi ya ce: Na iya babur sosai. Haya a tsibiri ta fi tasi arha, ko ba haka ba?

Ta fi arha, Malam, har ranar da aka faɗi. Iya tuƙi daban, takarda daban. Ana buƙatar lasin babur na ƙasarka tare da lasin ƙasa da ƙasa da aka buga wa hatimin babur, ba na mota kaɗai ba. Mai hayar ba zai tambaye ka ba, amma kamfanin inshora zai tambaya, kuma idan babu lasin ko babu hular kwano yawancinsu ba sa biyan ko kwabo na asibiti. Biyetnam ma lasin ƙasa da ƙasa na yarjejeniyar 1968 kaɗai take karɓa.

Kada ka bar fasfonka jingina. Shi ne igiyar da ake ɗaure baƙo da ita: ka dawo da babur, a nuna maka tsohon ƙarce a ce kai ka yi, fasfo kuma yana cikin durowarsu. Ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka karɓi rasit, idan sun ƙi ka je gaba. Kafin ka hau, ɗauki bidiyon babur ɗin ta kowane gefe a gaban mai shi, ka gwada birki biyun, ka duba lafiyar taya da fitila.

A Tailan, Malesiya da Indonesiya hannun hagu ake bi, a Biyetnam da Filifin hannun dama. Abin da ya fi kayar da baƙi a tsibirai yashi ne da ke kwance a kwana bisa siminti: ka danne birkin gaba a kansa, tayar gaba ta zame. A gangara mai tsawo kuma, waɗannan babura marasa giya ba sa riƙe kansu da inji, birki ya yi zafi ya daina kamawa, don haka a riƙa dannawa ana saki. Sauka ta hagu, domin salansa mai zafi a dama take. A tsibiran Gili na kusa da Lombok ba ka da wannan damuwa, ba a yarda da ababen hawa masu inji ba, sai keke da keken doki.

Wata uwa ta ce: 'Yata za ta tafi da ƙawayenta. Ciwo nake tsoro.

Mama, abu biyu ne suka fi yawa: ciki da sauro. A bar ruwan famfo, a ci inda ake dafawa a gaban ido kuma mutanen gari suka yi layi, a guji abincin da ya daɗe a tire. Idan gudawa ta zo, rashin ruwa a jiki ne haɗarin. Ta tafi da fakitin ORS, idan ya ƙare ta haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi, sai asibiti.

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da safe da gab da magariba, kuma a birane ma yana nan, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ta shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, bayan man kariyar rana. Idan zazzaɓi ya zo da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, sannan gwajin jini. Cizo ko yaƙushin kare ko biri, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Inshorar tafiya ba wurin tsimi ba ce, a duba cewa ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga tsibiri.

A teku kuma, jar tuta na nufin kada a shiga. Inda ruwa ya yi lumus tsakanin kumfar igiyoyi, sau da yawa nan ne yake ja zuwa ciki. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan.

Wani mai karatu ya ce: Manyan biranen ne ke ba ni tsoro, kada a yi mini wayo.

Dabarun tsofaffi ne. A Bankok wani mai fara'a zai tare ka kusa da babbar fadar sarki ya ce yau a rufe take, ya haɗa ka da mai tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, da zai ƙare da kai a shagon duwatsun ado. Wuce shi ka je ƙofar da kanka. Tasi ya ƙi kunna mita, sauka ka kira mota ta manhajar waya ta Grab, farashin na fitowa kafin ka hau. A birnin Ho Chi Minh masu babur ke fizge waya, don haka matsa jikin bango kafin ka duba taswira, jaka kuma ta koma gefen da ba titi ba. Ka kama ɗaki kusa da tashar jirgin birni ko ta jirgin kogi. Kuma Bankok filin jirgi biyu gare ta, Suvarnabhumi da Don Mueang, da nisa tsakaninsu: duba harufan da ke tikitinka, BKK ko DMK, tun ana gobe za ka tashi.