Safar da na saƙa ta saki, kuma ina son koyon kaɗi: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ina zaune a Agege, na iya saƙar kwarashi da ɗan abin da ba a rasa ba na kibiya, hulunan jarirai da rigunan sanyi nake yi. Kwanaki na saƙa wa maigidana safa da zaren ulun nan da muke saya a kasuwa, sawa biyu kawai ta saki tana zamewa cikin takalmi, ga zufa ga wari, dunduniyar ma har ta fara hujewa. Sai na tuna akwai mazarin kakarmu a gida Funtua, nace ko in sa a kawo min shi da auduga in riƙa kaɗa zarena da kaina tunda auduga bata da zafi. Dan Allah a bani shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, wallahi naji daɗin wannan tambayar musamman zancen mazarin nan, dan yanzu da wuya kiji yarinya tana cigiyarsa. Amma bari in faɗa miki tun farko, abu biyu kika haɗa kuma gara ki raba su. Safa daban, kaɗi daban. Ki koyi duka biyun, sai dai kar ki ɗora wa zarenki na farko nauyin safar babban mutum da ke yini cikin takalmi sau ciki, zaki sha wahala a banza ki tsani abin.

Mu fara da abin da ya samu safar. Zaren da muke kira ulu a kasuwannin nan mafi yawansa ba gashin tumaki bane, akirilik ne, wato dangin roba. Yana da kyau a hular jariri da bargo, ga araha ga launi, amma baya shan gumi ko kaɗan, shi yasa ƙafa ke jiƙewa a ciki ta yi wari, balle a Legas ɗin nan da ko ba ki motsa ba iska kanta a jiƙe take. Kuma in ya miƙe baya komawa. Ita auduga da kike tunani tana shan gumi, gaskiya ne, amma riƙe shi take yi bata saurin bushewa, sannan bata da talewa ta dawo, in kika saƙa safa da zallarta kafin azahar ta taru a idon sawu. Zaren da aka yi dan safa yawanci ulu ne na gaske kashi 75 da nailan kashi 25, siriri ne, giram 100 yana kai wajen mita 400 kuma ya ishi ƙafa biyu na babba. Ulun shi ke kama ƙafa ya janye danshi daga fata, nailan ɗin kuma shi ke hana hujewa. Mutane suna jin ance ulu sai su ce ai zafi, to siririn ulu a cikin takalmi yafi akirilik daɗi nesa ba kusa ba, musamman ga mai yini a ofis cikin sanyin esi.

Ina za a same shi? Nan ɗin ne aiki. Tumakinmu, Yankasa ne ko Uda ko Balami, gashi gare su irin na akuya, basa bada ulun kaɗi, dan haka duk ulun gaske daga waje yake zuwa, irin na tumakin merino da aka fi kiwo a Ostareliya. Zaki iya tambaya a wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Balogun ko masu sayarwa ta intanet, amma ki karanta takardar jikin zaren kar ki tsaya ga bakin mai shago. Hanyar da nafi so kuma tafi sauƙin kuɗi ita ce gwanjo. Ki shiga kasuwar Katanguwa ko ta Yaba ki duba rigunan sanyi masu siririn zare, ki karanta ɗan ƙyallen wuya ki ga ko ulu ne, sannan ki juya cikin rigar ki duba haɗin gefe. In an yanka ne aka bi da keken ofalok, wato mai ɗaure bakin yadi, ki ajiye musu kayansu, guntu guntu zai fito. In kuwa kowane ɓari an saƙa shi daban aka haɗa, wannan zai warware miki tiryan tiryan. In kina shakka ki tsinko ɗan zare ki kusanta shi da ashana, ulu ƙaurin gashi yake yi ya bar toka mai murmushewa, akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, auduga kuma ƙaurin takarda. Bayan kin warware ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi ki shanya a inuwa sai lanƙwasar ta miƙe.

Sai kibiya, kuma ina kyautata zaton nan ne rabin matsalarki. Nasan da mai kauri kika yi, wadda kike rigar yara da ita. Safa tana son milimita 2.25 zuwa 2.5, saƙar ta fito a matse gam har in kin ɗaga ta a haske da ƙyar ki hango rana, dan saƙa mai sako sako zaren gogar juna yake yi a ƙarƙashin ƙafa har ya cinye kansa. Ki nemi gajerun kibiyoyi masu tsini biyu guda huɗu ko biyar, ko mai igiya ta santimita 80. In baki samu ba tsinken tsire na gora yana yi, ki fiƙe ɗaya bakin ki goge da sanfefa sosai har ya daina kama zare.

Lissafin ba wuya. Ki auna kewayen ƙafar maigida a wurin da yafi faɗi, ƙasan yatsu. Mu ce kin samu santimita 24, sai ki cire kashi ɗaya cikin goma saboda dole safa ta ɗan fi ƙafa ƙanƙanta kafin ta kama, ya rage kusan 21 da rabi. Ki saƙa ɗan gwaji ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita ɗaya, ido ina nufin kowane zoben zare da ke kan kibiya. In uku ne, to 64 zaki ɗora. Dan Allah kar ki tsallake gwajin nan, nasan yana da gundura amma minti talatin ɗinsa ya fi ki warware aikin sati. Bakin safar ki yi gaba biyu baya biyu, wato ido biyu saƙar gaba, ido biyu saƙar baya, ni ma da zaki bi tawa ki zarce da shi har idon sawu da saman ƙafa, yafi kamawa.

Dunduniya kuwa tunda ke sabuwa ce, ga hanyar da nake koya wa ɗalibaina. In kin iso inda dunduniya zata zauna, ki ɗauko wani guntun zare mai launi daban ki saƙa rabin idanun da shi, wato 32, ki mayar da su kibiyar hagu ki sake bi ta kansu da zarenki na asali ki ci gaba abinki kamar ba abin da ya faru. Saura kamar santimita 5 ki kai ƙarshen yatsu sai ki fara ragewa, ido huɗu a zagaye ɗaya, zagaye na gaba ba ragi, har ki rufe. Daga nan ki dawo ki zare wancan baƙon zaren a hankali, baki zai buɗe, ki kwashe idanun sama da na ƙasa ki saƙa su yadda kika yi wajen yatsu. Sai dai ki tuna dunduniyar ma zata ƙara tsawon wajen santimita 5, ki cire shi daga awon ƙafar tun farko. Daɗin wannan ita ce duk ranar da ta huje warware ta kawai zaki yi ki saƙa sabuwa, sauran safar na nan. Wanki kuma da ruwan sanyi da hannu, banda cuɗawa banda ruwan zafi in ba haka ba ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma da damina ki tabbata ta bushe ƙarau kafin ki adana saboda funfuna da asu.

To yanzu kaɗi. Ki sa a kawo mazarin, kuma a duba gululunsa bai tsage ba, a haɗo miki da alli da auduga ta gona, Funtua kam gidanta ne. Kar ki ce zaki yi da audugar kemis, an wanke ta da magani an cire mata maiƙonta kuma gashinta gajeru ne, haka ma ta rimi da ake cusa wa matashin kai, santsi gare ta bata kama juna. Da farko gurza, a fitar da angurya, sai shiɓa da ɗan baka har ta tashi ta yi laushi ba dunƙule, sai ki naɗa ta sutu. Wallahi rabin kyan zare a shiɓa yake, in kika yi ha'inci a nan duk tsinkewar da zaki sha daga baya daga nan ta samo asali.

Gashin auduga gajere ne, santimita 2 zuwa 3, shi yasa take son murɗi da yawa kuma bata jure a rataya mata nauyi, dan haka ake dasa gindin mazari a cikin ɗan ƙoƙo ko tasa yana juyawa a ciki. Ki taɓa alli a yatsu, ki murza mazarin da hannun dama, hagu na riƙe da sutu sakwa sakwa kina ja a hankali. Da farko kar ki haɗa biyun lokaci ɗaya, ki murza ki tara murɗi, ki tsayar, sannan ki ja kamar tsawon ɗan yatsa ki bar murɗin ya hau. In zaren na zamewa yana rabuwa murɗi ya yi kaɗan, in yana ƙudundunewa yana tsinkewa da ƙara ya yi yawa. Wani abin da zai faranta miki, danshin Legas yana taimakon auduga, tafi biyayya a nan kan lokacin hunturu a Arewa, irin wannan danshin ne ma ya taimaki masana'antun zaren yankin Manchesta a Ingila. Zufar hannu ce kawai zata dame ki, allin ya zauna kusa.

Zarenki na farko abawa zai fito, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma ba laifi bane. Amma kar ki saƙa shi tilo, saƙar karkacewa zata yi. Ki kaɗa biyu duk ta ɓangare ɗaya, sannan ki haɗa su ki murɗe ta ɗaya ɓangaren kamar tufkar igiya, ki ɗaure ki tafasa shi kamar rabin awa da ɗan sabulu dan murɗin ya zauna. Da shi ki yi tsumman wanka, abin ɗaukar tukunya, ko takalman jarirai da basu fara taka ƙasa ba. In hannunki ya faɗa har kina fitar da siriri mai kai ɗaya, sai ki tufke uku ki gwada safar yaro, gaba biyu baya biyu tun daga sama har ƙasa, ki haɗa da siririn zaren roba irin na teloli a bakin dan ta tsaya.