Ƙanwata, ba kanki ne ba ya ja

Kin ce malaminku ya nace wai littafin Gulliver's Travels gugar zana ne daga farko har ƙarshe, ke kuma ba ki ga komai ba sai tatsuniyar 'yan mitsi-mitsin mutane da ƙattai. Wallahi kamar kin shiga zuciyata. Ba daƙiƙanci ba ne, ba a yi miki bayani ba ne kawai.

Namu malamin ma ya fi naku. Ranar da na tambaye shi a aji me faɗan fasa ƙwai da ke cikin littafin yake nufi, sai ya cire tabarau, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wadda ba ta gane wannan ba gara ta koma firamare. Aji ya kwashe da dariya, har da wata da ke bayana, wadda daga baya na gano ita ma ba ta tsinci komai ba. Shi kuwa bai taɓa ba mu tarihin zamanin ba, sai dai ya karanto jimla ya yi murmushi shi kaɗai. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma na sha kuka, kuma har aka gama zangon ban ƙara ɗaga hannu ba.

To ga abin da ya ƙi faɗa mana. Jonathan Swift ya fitar da littafin a 1726. Mutanen Lilliput, ƙasar 'yan mitsi-mitsin nan, suna hallaka juna kan ta ina za a fasa ƙwai, babban kai ko ƙaramin, har littafin ya ce mutum 11,000 sun gwammace mutuwa da su fasa ta ƙaramin. Rikicin Katolika da Furotesta yake yi wa shaguɓe. Lilliput Ingila ce, maƙwabciyarta kuma abokiyar gabarta Blefuscu Faransa ce. Masu takalmi mai dogon dunduniya da masu gajere, jam'iyyun siyasar Ingila na Tory da Whig ne. Masu rawa a kan igiya don a ba su muƙami kuwa, ba sai na faɗa miki ba.

Ki sa kunne ga muryar Gulliver, mai ba da labarin. Duk inda ya kawo shirme bilhaƙƙi ba ko murmushi, har yana yabawa, nan Swift ya ɗana tarkonsa. Kar ki yarda da Gulliver, shi ma da shi ake yi. Kowane shafi ki tambayi kanki, wa ake tsiraitawa a nan?

Af, ki duba kwafinki. In irin wanda aka taƙaita wa yara ne, an zare masa haƙora, sau da yawa ma cikin tafiye-tafiyen Gulliver huɗu, ta uku da ta huɗu babu su. Ba za ki haɗu da masanin birnin Lagado na tafiya ta uku da ya shekara takwas yana neman tatso hasken rana daga kokwamba ba. Kuma don Allah kar ki haddace sharhin intanet ki juye a jarrabawa, irin malaman nan suna ganewa, su sake samun abin yi wa mutum dariya.